Daɓe a Kan Dutsen Italiya

Tun kafin a buga mini biza, tun ma kafin Baban Ummi ya ce ya yarda in tafi, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Ba jirgi ba ne, ko da yake ina tsoronsa. Wata magana ce da Inna, mahaifiyata, ta taɓa yi ina budurwa, lokacin da aka kawo wa maƙwabciyarmu jikokinta daga Ingila. Yaran suka yi mako guda ba su ce mata ko sannu da Hausa ba. Da suka tafi Inna ta ce, "Allah sarki, baƙi aka kawo mata, ba jikoki ba." A lokacin dariya na yi. Sai ga ni a Bronx ta birnin New York da 'ya mai shekara shida, sunan Innar ma aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tana jin Hausa tsaf, amma tun da ta shiga makaranta ba ta sake haɗa kalma biyu da ita ba. Ki ce ta ɗauko ludayi, za ta ɗauko. Ki ce me ta ci, sai ta ce miki "rice".

Tun da na dawo kuke tambayata yaya Italiya, a Islamiyyar ranar Lahadi, a gidan wanki, har cikin jirgin ƙasa na layin D wata ta tare ni. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai na tsallake wani wuri. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya a waya in tura muku. Karatuna aji huɗu ne na firamare, inda kuka ga kuskure ku rufa mini asiri.

Ga yadda aka yi Italiya ta shigo ciki. Sau biyu Inna tana neman bizar Amurka ana hana ta, saboda haka ba ta taɓa ganin Ummi ba, sai murya a waya, ita ma muryar "hi" ce kawai yarinyar ta ruga. Yayana Hamisu ya daɗe a Italiya yana aikin gini, ya samu takardu, shi ne ya ɗauko Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Kazaure aka cire mata yanar ido. Ranar da aka buɗe mata ido na biyun, ta ce, "Ku kawo mini takwarata in gan ta kafin in koma." Bizarta ta kusa ƙarewa, hutun Ummi na Afrilu kwana tara ne, Baban Ummi kuma tasi yake ja, ba zai iya ajiye ta ba. Ni da ban taɓa wuce Harlem ni kaɗai ba, ni zan ƙetare teku da yarinya.

Sau uku na je ofishin biza a Manhattan. Kullum akwai takardar da ta rage. Har da wasiƙar da Baban Ummi ya rubuta cewa ya yarda in fita da 'yarsa, aka buga mata hatimi a wani shago a Grand Concourse. Ummi kuwa da shuɗin fasfonta na Amurka ba a nemi komai ba. A hanyar zuwa da dawowa nake koya mata gaisuwa. "Ki durƙusa. Ki ce ina wuni Inna, ya jiki, ya ƙarin sauƙi." Sai ta gyaɗa kai. Rannan na jiyo ta a banɗaki tana gwadawa ita kaɗai a gaban madubi, na wuce kamar ban ji ba, na ce to, wataƙila Allah zai rufa asiri.

Yaya ya ce in taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, Inna ta rame da taliya. Na saya a shagon 'yan Gana, na naɗe daddawar a leda uku. A jirgi ban buɗe ido ba sai da aka kawo abinci. Da muka sauka a Roma, jami'in ya karɓi fasfon Ummi ya yi mata murmushi ya buga. Nawa kore kuwa shafi-shafi ya bi shi, ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. Sannan ya leƙo ya tambayi Ummi da Turanci wace ce wannan. Ta ce, "That's my mom. She's scared of planes." Wato uwata ce, tsoron jirgi take. Ya yi dariya ya buga. A wurin kaya wani ƙaton kare ya zo ya sansana jakata, sai kawai ya yi atishawa ya wuce.

Daga filin jirgi sai jirgin ƙasa zuwa cikin gari, daga nan wani zuwa Napoli inda Yaya zai tare mu. Ashe a can ba ya isa ki sayi tikiti, sai kin cusa shi a wani ɗan inji ya buga masa lokaci kafin ki shiga. Wa ya gaya mini? Mai duba tikiti ya tsaya a kaina yana ta zuba Italiyanci yana nuna takardar, ni kuma har na fara ganin kaina a ofishin 'yan sanda. Sai wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ke gabanmu ta miƙe masa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma hannuwanta sun gaya mini komai: ta nuna ni, ta nuna yarinya, ta nuna jakunkuna, ta haɗa yatsu ta kaɗa masa a hanci. Mutumin ya zaro biro ya rubuta wani abu a tikitin ya tafi yana gunaguni. Ta zauna ta ciro biskit ta ba Ummi, ta ja mata kumatu. A New York wa ya isa ya taɓa kumatun 'yar wani? Sai na ji kamar ina motar Kano zuwa Kazaure.

Yaya ya yi furfura a gemu, na kusa wuce shi. Ya aro motar abokinsa, muka yi awa biyu muna hawa, hanya tana murɗewa kamar igiyar guga. Sunan garin ya fi ƙarfin bakina, kada ku tambaye ni. Da muka sha wata kwana Yaya ya ce, "Saude, buɗe idonki, ga wurin aikina." Na buɗe. Wani ƙaton dutse ne, a kan ƙololuwarsa an gina gidan sarki na yaƙi, da ganuwa da hasumiya uku, ɗaya ta rushe rabi. Su kastelo suke ce masa. Gidajen gari kuma sun lafe a ƙarƙashinsa kamar 'yan tsaki a gindin kaza. Yaya ya ce ginin ya kai shekara ɗari takwas. Mota ba ta shiga tsohon garin, a ƙofa muka ajiye ta muka ɗauki kaya a ka, muka bi matakala.

Inna tana zaune a bakin ƙofa da baƙin gilashin da likita ya ba ta. Na durƙusa na gaishe ta, shekara tara rabona da ita, ba sai na faɗa muku abin da idona ya yi ba. Sannan na turo Ummi gaba. Na ga leɓenta yana motsi, tana shirya gaisuwar da ta haddace. Inna ta ɗaga gilashin, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce:

"To, wannan ce takwarar tawa? Da na sani ai da ban bari an buɗe mini idon ba. Ji goshi kamar gaban tirela. Ji ƙafafu kamar sillen kara. Hamisu, wa zai kwashi wannan?"

Yaya ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi, don daɗi ne ya kama ni. Sai da na juya na ga fuskar Ummi. Ta rufe bakinta, ta koma bayana ta riƙe zanena, ta ce a hankali, "She's mean." Wai muguwa ce.

A nan na gane kuskurena. Na koya mata durƙuso, na koya mata ya jiki, amma ban gaya mata akwai wasan kaka da jika ba. To yaya za a yi in tuna? Mu wa ya koya mana? Mun buɗe ido mun tarar kaka tana zaginmu muna ramawa, ta ba mu ƙosai. Ita kuwa Ummi a makarantarsu an gaya musu duk wanda ya yi maganar jikinka, ka kai ƙararsa wurin malama. Ta ce mini ma in mun koma za ta gaya wa malamarsu.

Inna a nata ɓangaren ta jefa, tana jiran a jefo mata, ba a jefo ba. Washegari ta sake gwadawa, yarinya ta tashi ta bar ɗakin. Na samu Inna na ce, "Inna, don Allah ki lallaɓa ta, yaran can ba su san wannan wasan ba."

Ta ce, "In lallaɓa ta? Saude, baƙo ake lallaɓawa." Ta mayar da gilashinta.

Haka muka yi kwana huɗu cikin taran. Ummi tana cin abinci ta juya wa ɗaki baya. Inna ta daina tsokanar, ta koma ce mata "sannu yarinya" kamar 'yar maƙwabta, wannan kuwa ya fi zagin ciwo a wurina.

Bari in ɗan ba ku labarin masauki, tun da kun tambaya. Ɗaki biyu Yaya yake haya a cikin tsohon garin, bango ya fi kamu biyu kauri, sanyi kamar cikin randa. Gwamnati ta sa kastelon da duk unguwar a littafin kayan tarihi, saboda haka ko ƙusa ba ka kafawa a bangon waje sai da takarda. Tagogi dole kore, koren ma iri ɗaya. Ba a ɗora faifan talabijin a rufi. Bango in ya tsage ba a liƙe shi da siminti, sai da farar ƙasa irin ta mutanen da. Yaya ya ce yanzu ma nema suke a sa su a babban littafi na duniya, shi ya sa ake ta gyara, masu dubawa kuma ba sa ɗaga ƙafa. Na tuna mai kula da gininmu na Concourse da ya ce ba za a canja mana taga yadda muke so ba wai ginin na tarihi ne, na ɗauka ƙarya yake don kada ya yi aiki. Ashe akwai irin wannan doka. Na kuma tuna badalar Kano, yadda na ga mutane suna yankar ƙasarta da rana tsaka suna loda wa jaki. Da na faɗa wa Inna ta ce, "Mu abin da ya tsufa sai mu ce ya huta. Su kuwa sai su ba shi mai gadi."

Abinci taliya ce safe da yamma, ta canja siffa kawai. Suna da wani farin cuku mai laushi da ke zama cikin ruwa, kamar awara amma ya fi ta daɗi. Kofi kuwa a ɗan kofi kamar na shan magani, kurɓi ɗaya, ɗaci kamar maɗaci. Da azahar duk shaguna a rufe har la'asar, ko kuɗi kike riƙe da shi a hannu ba mai kula ki. Matan sama ba sa saukowa sayayya, kwando suke zurarowa da igiya daga taga, mai burodi ya saka musu su ja. Wannan ya burge Inna ƙwarai. Ranar da na tuƙa tuwon semo na kaɗa miyar kuka, maƙwabciyar Yaya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana toshe hanci, wai ko bututun banɗaki ne ya fashe. Yaya ya zaunar da ita. Malmala biyu ta ci.

A rana ta biyar Yaya ya ce yau ba ranar aiki ba ce kamar kullum, gayya ce. Akwai wani fili a saman kastelon, rufin babban zauren sarki, da ake sake wa daɓe. Sun yi na farko ya tsattsage, mai dubawa ya sa aka farfashe shi. Doka ta ce sai yadda aka yi shi tun asali: farar ƙasa da wata tsakuwa marar nauyi ta dutse mai aman wuta, a shimfiɗa, a yi kwana uku ana bugu da katako da hannu. Ma'aikata ba su isa ba, shi ne aka gayyaci mutanen gari. Inna da ta ji kalmar daɓe ta miƙe tana neman mayafi. Duk ƙasarmu an san ta, ita ce zabiyar daɓe, ba a daɓe ɗakin amarya ba ta ba da waƙa ba. Na ce likita ya hana ta sunkuyo da shiga ƙura. Ta ce likita bai hana ta kallo ba, kallon ma shi ya sayar mata.

Muka hau a hankali, Yaya yana riƙe da ita, ni ina jan Ummi. Ƙofar kastelon doguwa ce mai duhu kamar zaure, bangon da 'yan tagogi sirara na harba kibiya. A tsakar gidan Inna ta tsinci wani ɗan dutse mai kaushi a gindin bango, ta ce ya yi daidai da goge faso, ta ƙulle a bakin zane. Sai ga usur. Mai gadi ya taho da sauri yana girgiza yatsa. Yaya ya ba shi haƙuri, Inna ta kwance dutsen ta mayar da shi daidai inda ta ɗauka, har da ɗan shafa shi, ta ce, "Yi haƙuri, ban san kai ma ɗan sarki ba ne."

Tun muna matakalar ƙarshe muka fara jin bugun. Inna ta tsaya ta karkata kunne. Ta ce, "Waɗannan ba daɓe suke ba, faɗa suke da ƙasa."

Gaskiyarta. Mutum kusan ashirin ne, maza da mata, kowa da hular kwano ta aiki da madaɓinsa, kowa yana bugun inda ya ga dama, wani da ƙarfi kamar mai faskare, wani kamar mai korar ƙuda. Shugabar aikin wata mace ce mai furfura da wando, tana riƙe da littafi tana zagayawa, fuskarta ba daɗi. Ga wani tsoho a gefe da sanda yana ta ihu ba mai sauraronsa. Yaya ya ce shi kaɗai ya rage a garin da ya ga ana irin wannan aikin yana yaro.

Inna ta ce, "Hamisu, gaya wa matar nan su jeru kafaɗa da kafaɗa. Su fara daga bangon can. Da cikin katakon ake bugu, ba da bakinsa ba. Kuma hannu ɗaya, a tashi tare a sauka tare."

Yaya ya rage murya. "Inna, ni lebura ne a nan. Matar nan digiri gare ta har uku."

"Digirin ya taɓa daɓe ɗaki?"

Tana maganar tana kwatantawa da hannu, ashe tsohon nan yana kallonta. Ya dogaro sandarsa ya zo, ya nuna hannun Inna, ya juya yana yi wa shugabar ihu, wato ga abin da nake ta faɗa muku. Matar ta zo. Dole Yaya ya fassara, gumi yana keto masa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya yaya ake gane ya yi. Inna ta ce da kunne: ɗanye yana amsawa a cushe, nunanne yana amsawa kamar ƙwarya. Sannan a zuba masa ruwa, in ya sha bai yi ba, in ya ƙi sha ya yi. Matar ta buɗe littafinta ta duba, ta rufe. Ta ce abin da tsofaffin takardu suka ce ke nan, har sun ce da waƙa ake yi, amma ba wanda ya rubuta waƙar.

Aka kawo kujera aka ajiye a bakin ƙofa inda iska ke kore ƙura. Aka kifa wa Inna hular kwano a kan mayafi, ga baƙin gilashi, in kun ga hoton sai kun riƙe ciki. Ta ce, "Ni an hana ni sunkuyo. Saude, durƙusa ki ja musu layi."

Na ce, "Inna, ba ni da takardar aiki a ƙasar nan. In aka kama ni fa? Girin kad ɗina na zaman Amurka fa?"

Yaya ya ce gayya ce, suna kawai ake rubutawa. Aka ba ni hula da safar hannu. Safar ta hana ni jin katakon, na cire ta. Na durƙusa a tsakiyar layi, Bature a dama, Baturiya a hagu. Shekara tara ban riƙe madaɓi ba, amma da na ɗaga na sauke, hannuna ya tuna abin da kaina ya manta.

Inna ta gyara murya ta ba da amshi mai sauƙi, yadda bakinsu zai iya: kwanta ƙasa, kwanta. Sau uku suka kama. Sai ta fara jefawa.

"Dutsen Nasara ya ga baƙi."
"Kwanta ƙasa, kwanta."
"Hamisu gwauro, tukunya ɗaya, cokali ɗaya."
"Kwanta ƙasa, kwanta."
"Saude ta ga jirgi ta rufe ido."
"Kwanta ƙasa, kwanta."

Katako ashirin suka koma katako ɗaya. Bugun yana fita ta kan ganuwa yana dawowa daga dutsen da ke fuskantarmu. Kun san waƙar daɓe ba ta tafiya sai da zambo, Inna kuwa ba ta bar kowa ba. Ta yi wa shugabar na wandonta, ta yi wa mai gadi na usur ɗinsa, ta yi wa tsohon na sandarsa. Yaya yana bugu yana fassarawa, duk wanda aka taɓa sai a yi masa shewa, shi kuma ya ɗaga hula. Tsohon nan bai bari ta sha ba. Ya jira gaɓa ya jefo nasa da yarensu, Yaya ya ce wai tsohuwa mai gilashin 'yan fim, ta zo ƙasar mutane tana mulki daga kujera. Inna ta yi dariya har sai da na tsorata da ɗinkin idonta.

Ummi tana zaune a kan matakala tana kallo. Ita ba ta buƙatar fassara. Da aka tsaya shan ruwa ta zo ta raɓe ni, ta tambaye ni da Turancinta, me ya sa take zagin kowa kuma suke jin daɗi.

Na ce, "Wanda ta ɗauka nata shi take yi wa. Kuma jira take a rama."

"Can I?" Wai ita ma za ta iya?

Na ce, "Duk gidanmu ke kaɗai ce ma kike da wannan izinin. Ni in na gwada sai ta tsine mini. Kawunki ma haka."

Ta koma kan matakala ta zauna. Ranar haka muka sauka.

Washegari da muka koma, Ummi ta je wurin shugabar da kanta ta nemi hula. Aka samo mata ƙarama da wani ɗan guntun katako, ta durƙusa kusa da ni. Na ga Inna ta gan ta. Ta yi baiti biyar tana zagaye ta, ta taɓa na damanta, ta taɓa na hagunta. Ni dai bugu nake ina addu'a. A na shida ta jefa:

"Takwara mai goshi, hannu kamar dafaffiyar taliya."

Mutane suka amsa. Ummi ba ta amsa ba. Ta ajiye katakon ta miƙe tsaye, hular ta rufe mata ido ta tura ta baya. Layi ya tsaya. Da Hausa, a karkace amma Hausa, ta ce:

"Ke kuma tsohuwa mai idon aro. Haƙori uku."

Yaya ya saki madaɓinsa. Inna ta ɗaga gilashi ta dube ta, har na ce shi ke nan, ta ɓata. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka kai ni ɗaki. Tattabarun hasumiya suka tashi gaba ɗaya, mai gadi ya hawo da gudu da usur a baki. Da ta sauke ta ce:

"Huɗu ne, maƙaryaciya. Zo ki ƙirga."

Ummi ta bi gefen daɓen ta je. Inna ta wangale baki, yarinya ta sa yatsa tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, ta leƙa can ciki, huɗu. Ta ce, "Wannan rabi ne." Inna ta cafke ta ta ɗora a cinya, hula tana karo da hula. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da bugun ƙasar mutane, don kada a ga fuskata.

A rana ta uku da la'asar daɓen ya fara amsawa kamar ƙwarya. Inna ta ɗaga hannu aka tsaya. Shugabar ta miƙa mini bokiti ta ce ni zan zuba. Na zuba. Ruwan ya tsaya yana ƙyalli, sannan ya gangara ta indararo zuwa rijiyar da ke ƙarƙashin gidan, ko ɗigo bai sha ba. Aka yi tafi, tsohon ya sumbaci hannun Inna, ta fizge tana cewa a'uzubillahi. Aka jera tebur a tsakar gida aka ci taliya da wake, Yaya ya leƙa tukunya ya tabbatar ba alade. Mai dubawa ya zo ana gobe za mu taso, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya sa hannu. Shugabar ta ɗauki muryar Inna a na'ura, ta rubuta sunanta da na ƙauyenmu da nawa a takardun aikin, waɗanda za a haɗa a aika wa masu babban littafin. Ko za a sa su ko ba za a sa su ba, har yanzu ba a sani ba. Amma rufin ba ya yoyo.

Sauran kwanakin, daga asuba har magariba zagin juna suke. Da Hausar ta ƙare wa Ummi sai ta zo kicin ta tambaye ni a ɓoye, yaya ake cewa kaza, ta koma ta jefa. Inna ta yi mata kitso tana cewa gashi kamar na masara. A tashar Napoli Inna ta ce, "Tafi, na huta da ganin goshi." Ummi ta ce, "Ni ma na huta." Kowacce ta riƙe zanen 'yar uwarta, sai da Yaya ya ɓamɓare su.

Wahalar ƙarshe a nan New York ta same ni. Farar ƙasa da katako sun cinye mini fatar yatsu, na ɗora hannu a injin shige da fice ya ƙi karantawa. Sau huɗu. Aka kai mu wani ɗaki na gefe. Jami'ar ta juya tafin hannuna ta ce me ya same ni. Turancina ya gudu. Ummi ta ce, "We fixed a castle." Wato gidan sarki muka gyara. Na buɗe waya na nuna mata hoton Inna da hular kwano. Ta kira abokin aikinta ya gani, suka duba takarduna, suka ce mu tafi.

Baban Ummi yana jiranmu da tasi. Ummi ta shiga baya ta ce, "Ina wuni Baba," har ya juyo yana murna, sai ta ƙara da, "mai tumbi kamar tulu." Saura kaɗan ya hau bayan motar gabansa. Tun daga filin jirgi har Concourse ina yi mata bayanin wa ake yi wa, wa ba a yi wa. Ta ce to a nan wa za ta yi wa, tun da Inna ta koma Kazaure, wayar ƙauye kuma sai ranar kasuwa take kamawa.

Shi ne roƙona gare ku, iyayenmu na Islamiyya da kuka kai sa'ar Inna. In kun gan ta ranar Lahadi, kada ku ce mata "hi sweetie". Ku tsokane ta, da Hausa, goshin yana nan. Ku ɗan jira ta, don sai ta nemo kalmomin. In ta rama, kada wadda ta ce ba ta da kunya.